Yadda Ake Shirya Fim ɗin Zamanin Da: Jagora ga Darakta da 'Yan Wasa a Bauchi da Gombe

Tun da fina-finan tarihi na Turkiyya masu dogon zango suka shiga ɗakunanmu da fassarar Hausa, matasan da ke harkar fim a Bauchi da Gombe suka fara cewa ai mu ma muna da dawaki da takubba da sarakuna. Gaskiya ne, muna da su. Sai dai yawancin abin da ake fitarwa da sunan fim ɗin tarihi hawan sallah ne aka ƙara masa faɗa: sarki cikin shadda mai sheƙi, dogarai da jar riga ɗinkin keke, bayansu kuma bishiyoyin dogon yaro sun yi layi. Ba ƙarancin kuɗi ne ke jawo haka ba. Ingancin irin wannan fim ya fi rataya a kan abin da ka hana shiga kyamara da yadda ɗan wasa ya riƙe jikinsa, kuma duka biyun ba su cin kuɗi sosai.

Mataki na farko: tsayar da shekara da wuri

"Zamanin da" ba lokaci ɗaya ba ne. Tsakanin Sarkin Kano Yaji, wanda Wangarawa suka zo daga Mali a zamaninsa (1349 zuwa 1385), da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, akwai shekara fiye da ɗari huɗu. Kafin ka rubuta sin (wato fitowa guda a cikin fim) ko ɗaya, rubuta shekara da gari a saman takarda, ka manna inda kowa zai gani.

Mu 'yan wannan yanki akwai tarkon da ya fi kama mu. Garin Bauchi da muka sani, da ganuwarsa da Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran, Malam Yakubu ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, a daidai lokacin da Buba Yero ya kafa masarautar Gombe ya zauna a Gombe Abba. Idan labarinka na 1490 ne, babu Sarkin Bauchi a ciki, babu Sarkin Gombe. Abin da ke ƙasar nan kafin jihadi garuruwa ne na bisa duwatsu da bakin kogi, na Gerawa da Jarawa da Warjawa da Bolawa da Tera da Tangale da sauransu, ga tsohuwar Shira a arewa, ga ikon Kwararrafa ta kudu, ga Barno ta gabas. Wannan ƙasa ce da fim bai taɓa ba tukuna, kuma a ganina ta fi fadar da kowa ya riga ya gani daɗin labari.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi da shi har ƙarshe: ayarin fatake ya taso daga Kano a ƙarshen mulkin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya nufo kogin Gongola da gishiri da kanwa da tufafi, sai rikici ya tsare shi a gindin wani dutse. Sin biyu ko uku a fada, saura duk a hanya. Ka ga tun daga nan kasafin kuɗi ya sauko.

Mataki na biyu: bincike

Fara da Tarihin Kano, littafin sarakunan nan da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, akwai shi da Hausa kuma. Amfaninsa ga mai fim shi ne yakan faɗi a zamanin wane sarki abu kaza ya fara. Ya ce lifidi da sulke da kwalkwali na ƙarfe sun shigo a zamanin Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Ya ce kakaki da takalmin gashin jimina da kulle da majalisar Tara ta Kano na Rumfa ne, haka kasuwar Kurmi. Ya ce kuɗin wuri bai iso ƙasar Hausa ba sai zamanin Sharefa, a farkon ƙarni na 18. To madugunmu na 1490 ba zai zazzage buhun wuri ya biya kuɗin fito ba, sai dai ya ba da turmin zane ko gishiri. An rubuta littafin ne ɗaruruwan shekaru bayan waɗannan sarakuna, daga abin da aka gada a baki, saboda haka ka haɗa shi da malamin tarihi daga jami'a, ka biya shi ya karanta labarin da jan biro a hannu.

Sannan ka je wurin masu sana'a da ƙafarka: maƙera, masaƙa, majema, magina, Sarkin Zagi ko duk wanda ke kula da dawakin hakimi. Je da goro, ka gaisa, ka zauna a ƙasa. Kada ka ce "Baba, ba ni tarihi", don zai ba ka abin da ya ji a rediyo. Ce masa "Baba, yaya kakanka yake ɗaura wannan?" ka miƙa masa abin a hannu, ka ɗauki hoton hannuwansa da waya.

Mataki na uku: jerin abubuwan da ba za su shiga kyamara ba

Nan ne aikin ya fi yawa, nan kuma aka fi sakaci. Duk amfanin gonar da asalinsa na nahiyar Amurka ne bai iso Afirka ba sai bayan 1492, ƙasar Hausa kuwa sai can baya sosai. Wannan ya kwashe masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono da tattasai da attaruhu, dankali, gwanda da taba. Kasuwar da ke fim ɗinka ba ta da ƙuliƙuli, ba ta da jar miya, tsoho ba ya zuƙar lofe. Shayi ma babu. Abin da za ka baza a kasuwa shi ne gero, dawa, maiwa, acca, wake, gurjiya, riɗi, kuɓewa, yakuwa, kuka, daddawar ɗorawa, man shanu, man kaɗanya, zuma, fura da nono. Yajin lokacin masoro ne da kimba da citta. Goro akwai shi, amma kayan manya ne da ake ɗaukowa daga Gwanja, ba abin da kowane yaro ke talla a faranti ba.

Itatuwa su ne suka fi tona asiri. Dogon yaro, wato darbejiya ko maina, daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, yau kuma babu ƙauyen da babu shi. Mangwaro da kashu da bishiyar turare duk baƙi ne. Juya kyamara wajen kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, gawo, kanya, giginya da goruba. In dogon yaro ya tsaya a inda dole ka ɗauka, kafa zana ko rumfar kara ta tare shi, ko ka sauko da kyamara ta kalli ƙasa da mutane.

Sauran kowa ya san su amma suna kuɓucewa: kwanon rufi can nesa, bulo, wayar lantarki, ƙarfen sabis a kan dutse, sawun taya a hanya, leda a jikin ƙaya. Ware mutum biyu waɗanda ba su da wani aiki sai tsintar leda da share sawun babur da reshe kafin kowane ɗauka. A ɗakin malami, allo da tawada da alƙalamin kara, Alƙur'ani rubutun hannu warwara cikin gafaka, butar duma ko ta ƙasa. Takarda daga arewacin Afirka ake kawo ta, tana da tsada, kada ka tara ta a ƙasa kamar ofis. Bindiga kuwa, bar ta a gida. Wanda aka san ya shigo da 'yan bindiga yaƙi a wannan yanki shi ne Mai Idris Alauma na Barno a ƙarshen ƙarni na 16, kusan shekara ɗari bayan ayarinmu.

Kada ka ce ai manyan kamfanonin waje ma suna yi. Suna yi mana: an sha sa wa mayaƙan arewacin Turai hula mai ƙaho, alhali masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta. Su suna da kuɗin da zai ɗauke hankalin mai kallo daga kuskure, kai ba ka da shi.

Mataki na huɗu: lokeshan da lokaci

Allah ya hore mana wuri. Duwatsun Dass, tsaunukan Tula da Kaltungo, Dutsen Bima, yashin Gongola da rani, dazukan Ningi da Toro, tsohuwar Shira mai zane a jikin duwatsu. A Yankari akwai kogunan da aka sassaƙa a jikin dutse da tsofaffin rijiyoyin Dukke da wuraren narkar da tama, amma sai da izinin hukumar gandun. Don sin ɗin fada, gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani, yana da ɗaurin guga mai ban sha'awa, sai dai ginin ƙarni na 19 ne kuma yana ƙarƙashin hukumar kayan tarihi. In ka samu izini, ɗauki bango da ginshiƙi da inuwa, ka kauce wa adon da ke nuna zamaninsa. A gidan tarihi na Jos ma akwai filin da aka kwaikwayi ganuwar Kano. Sau da yawa kuma ya fi araha ka sa magina su tayar maka da zaure ɗaya na tubali da azara, a yaɓe shi da jar ƙasa, ka ɗauke shi ta fuska uku ya zama gida uku.

Ko'ina za ka je, fara da hakimi, shi ya haɗa ka da dagaci da mai unguwa. Wasu duwatsun akwai wuraren da mutanen gari ba sa yarda baƙo ya taka. Tambaya tun kafin ka sauke kaya.

Lokacin ɗauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. An yi girbi, ga kara da ciyawa na gini, babu ruwan da zai rusa maka bango, hazo kuma yana ɓoye abin da ke nesa kyauta. Maris da Afrilu, mutum cikin lifidi zai iya suma maka.

Mataki na biyar: sutura da jiki

Tufar lokacin saƙar hannu ce, ƙyalle siriri da ake haɗawa da allura. Fari, saƙi, baƙin rini na baba, jan karan dafi. Shadda da atamfa da leshi da yadin roba duk su fita, haka zif da maɓalli da aikin keke a wuya. In kuɗi bai kai a yi wa kowa saƙa ba, yi wa mutum biyar ko shida da kyamara za ta matso, na baya a ba su akoko mai kauri da aka rina. Kuma kada kowa ya fito da babbar riga. Manomi da bawa da ɗan dako bante ne da walki da 'yar shara.

Sabon kaya ƙarya yake yi. Ayarin da ya yi wata guda a hanya ba ya fitowa da karin guga. Jiƙa kayan a ruwan bagaruwa, wanke, shanya a rana, goga jar ƙasa a gwiwa da gindin riga, sa man kaɗanya kaɗan a wuya inda gumi ke zama.

Akwai inda za ka kauce wa tarihi da saninka. Mutanen karkara na wancan lokaci ba su rufe jiki yadda muke yi yanzu ba, kai kuma ba za ka nuna tsiraici ba. Mafita ita ce zanen saƙi da mayafin saƙi, a ɗaura yadda tsofaffi ke yi. Hijabi ɗinkin keke ba ya cikin lissafi.

Sai jikin ɗan wasa kansa. Duba shi a rana daga sama har ƙasa: askin zamani, gashin kanti, girar da aka zana, janbaki, farcen roba, haƙorin Makka, shatin agogo, tabon rigakafi a dantse. Kwalli ya isa ado, da lalle na ƙunshi ba mai zanen fulawa ba. Jarumar da ta yi bilicin, gaskiya, sai dai a yi haƙuri da ita a wannan aikin. Tsagar fuska kuwa ta bambanta daga kabila zuwa kabila, kada mai kwalliya ya zana abin da ya ga dama.

Mataki na shida: 'yan wasa

Darakta da yawa sukan zaci wasan tarihi shi ne ɗaga murya da zare ido da jefa karin magana a kowace jimla. Sarki na ta tsawa yana nuna yatsa, boka na ta ƙyaƙyata dariya a kogo. Wanda ya taɓa zama a fada ya san mai iko ba ya ɗaga murya. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, da ya zaga Mali a 1352 zuwa 1353, ya ga Mansa, wato sarkin Mali, yana magana da jama'a ta bakin wani, ya kuma ba da labarin cewa sarkin Barno ba ya bayyana ga mutane sai ta bayan labule. To ka rage wa sarkinka magana. Ya motsa baki ƙasa-ƙasa, wani bafade ya ɗaga: "Sarki ya ji. Sarki ya ce madugu ya kwana lafiya, gobe a duba kayansa." Nauyin sarauta yana fitowa ne daga jikin waɗanda ke kewaye, yadda suka tuɓe takalmi tun daga zaure, suka zube, suka ƙi haɗa ido. Ka fi ba 'yan fada horo a kan wanda ke bisa karaga.

Ga wani abu da ba a cika nunawa ba: kafin jihadi, mai gaida sarki yakan ɗebi ƙasa ya zuba a kansa, abin da ake kira afi. Yana cikin al'adun da Shehu ya soki sarakunan Haɓe a kansu. Sin ɗaya da madugu ya faɗi ya yi afi, malamin da ke cikin ayarin kuma ya tsaya ya yi sallama kawai, ya gaya wa mai kallo zamanin da ake ciki da rikicin da ke tafe ba tare da an ce uffan ba. Haka batun addini gaba ɗaya. A zamanin Rumfa, lokacin da Shehu Magili, babban malamin nan na arewacin Afirka, ya sauka Kano, Musulunci ya yi ƙarfi a fada da wajen malamai da fatake, karkara kuwa tana kan al'adunta. Mai tsafin garin dutse dattijo ne da jama'arsa ke girmamawa, a buga shi da natsuwa. Jikokin mutanen nan su ne za su kalli fim ɗin a Dass da Billiri. Bauta ma ta kasance, kada ka share ta, kada kuma ka mai da ita abin dariya.

Yadda za ka shirya su: tara manyan 'yan wasa a lokeshan kamar mako biyu kafin a kunna kyamara. Su sa kayan tun safe har dare, su yi tafiya ba takalmi ko da fade, su zauna a tabarma da buzu, su ci da hannu a akushi. Wadda za ta yi kaɗi ta koyi juya mazari wurin tsohuwa har ta iya yi tana hira ba ta kallon hannunta. Mai daka ta yi daka na gaske. Ɗan ayari ya koyi ɗaura wa jaki mangala. Mutumin da ya tashi a kan kujera da waya a hannu, tsayuwarsa da zamansa daban ne, kuma kyamara tana gani. 'Yan cike fili kuwa, ɗauki mutanen ƙauyen, ka biya su. Su ba sai an koya musu tsugunno ba.

A ba ɗan wasa aikin hannu a kowane sin. Maganar da aka yi ana gyaran linzami ko ana tankaɗe ta fi wadda aka yi a tsaye ana kallon juna shiga jiki.

Harshen kuma Hausa ce mai tsabta, gajerun jimloli. A tsince minti da awa da soja da oda. Lokaci shi ne asuba, hantsi, azahar, la'asar, almuru, nisa kuma zango ko yini. Karin magana ɗaya a inda ya dace ya isa sin guda. Kula da karin harshe: kada uwa ta yi Sakkwatanci, ɗanta na Kananci, ƙaninsa na Guddiranci. Mutanen garin dutse su yi yarensu, Jaranci ko Tangale, wani ɗan ayari yana fassarawa. Wannan kaɗai zai ba fim ɗin ɗanɗanon da ba a saba ji ba.

Mataki na bakwai: dawaki da faɗa

Yawancin mayaƙan lokacin dakaru ne, 'yan ƙasa masu kwari da baka, da kibiya mai dafin kwankwani, da mashi da garkuwar fata. Doki na manya ne. Takobinmu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ana rataya shi a kafaɗa da hamila, ba lanƙwasasshe a ƙugu irin na fina-finan Turkiyya ba.

Aro dawaki tare da mahayansu daga masu hawan sallah, a cire musu adon roba da ƙyalƙyali. Jarumin da bai iya hawa ba, a ɗauki fuskarsa kusa, sukuwa kuma gwani ya yi da rawani a rufe. Doki goma sha biyu sun isa runduna in ka sauke kyamara ƙasa, ka matse hoto, ka bar ƙura ta tashi da rana a bayansu. Rage amfani da jirgin ɗaukar hoto: daga sama ake ganin ku kaɗan ne, daga sama kuma ake hango kwanon ƙauyen gaba.

Takobin faɗa na katako ne ko na alminiyam mara kaifi, na ƙarfen gaske sai a hoton kusa. Kowane faɗa a tsara shi sara uku ko huɗu, a maimaita a hankali har jiki ya haddace, sannan a ƙara sauri. Kusurwar kyamara ce ke sa a ga kamar sara ya samu. Ba a harba kibiya mai tsini inda mutum yake, ko da wasa. A ajiye mota da mai ba da taimakon gaggawa a kusa, a ɗauki sin ɗin lifidi da sassafe, a shayar da dawaki.

Mataki na takwas: haske, sauti da tacewa

Dare na lokacin duhu ne. Haskenka ya zama kamar daga wutar kara yake, ko fitilar kasko mai man kaɗanya, ko farin wata. Kada ka haske zaure kamar shagon waya.

Janareta ya yi nisa da doguwar waya. Roƙi mai injin niƙa da masu babur su dakata, ka san lokutan da lasifikar masallaci ke tashi ka tsara hutu a kansu. Kiran sallar da ke cikin fim muryar mutum ce tsura. Ware yini guda ka naɗi sautin wuri: daka, guduma a maƙera, kukan kurciya, jaki, ƙararrawar ayari. Kiɗa kuma na kiɗan gaske, tambari da kakaki a fada kawai, kalangu ko gurmi ko sarewa a sauran wurare. Fiyano na situdiyo yana rusa duk wahalar da aka sha a lokeshan cikin daƙiƙa biyar.

Mai kula da kwantiniti, wato daidaituwar kaya da kamanni daga sin zuwa sin, ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa kafin da bayan kowane sin, domin naɗin rawani ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, dattin riga kuma dole ya ƙaru yadda tafiya ke ƙaruwa. Bayan an haɗa fim, kalle shi sau ɗaya a babban allo da sauti a kashe, kana duba gefuna da bayan mutane kawai. Sannan ka kira malamin tarihin nan da dattawa biyu ko uku daga garin da aka yi ɗauka su kalla kafin a kai hukumar tace fina-finai. Abin da suka nuna, in ana iya yankewa a yanke, in ba a iyawa a goge da kwamfuta. A farkon fim ka rubuta shekara da wuri, ka kuma bayyana cewa Rumfa da Kano na tarihi ne, madugu da ayarinsa da garin dutsen kuwa ƙirƙirarku ce.